Tsohuwar Furosesa ko Sabuwa? Amsa ga Masu Wasan Kwamfuta a Legas

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga masu karatunmu na Legas a wannan karon kusan duk a kan batu ɗaya suke, wato ko furosesar tsohuwar kwamfutar tebur, ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, za ta iya ɗaukar wasannin da ake fitarwa yanzu, ko kuwa lokaci ya yi da za a sallame ta. Na zaɓi guda huɗu, kuma ta farko ce za ta fi cin wuri, domin amsarta ce tushen sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai sana'ar gyaran waya a Agege. Ina da kwamfutar ofis ta gwanjo ƙirar Dell OptiPlex da na saya a Ikeja, mai furosesa Core i7-4770 da RAM gigabait 8, na kuma saka mata katin hoto GTX 1050 Ti. Ina buga GTA V da eFootball lafiya lau, amma sababbin wasanni suna tsaitsayawa, musamman idan na shiga wuri mai cunkoson mutane da motoci. Na tara ɗan kuɗi, wani ya ce in sayi babban kati irin RTX 3060, wani kuma ya ce in canza komai. Tunda i7 ce da ni, ba ita ce babba ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da sunan i7, domin da shi ake yawan cin kasuwar mutane. Sunan yana nuna matsayin furosesa ne a tsakanin tsararrakinta na shekarar da aka ƙera ta, ba matsayinta a yau ba. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke faɗin gaskiya: 4770 na nufin zubi na huɗu, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2013. Idan ka ajiye ta kusa da Core i3-12100F ta zubi na goma sha biyu, wadda ta fito a farkon 2022, za ka tarar kowacce tana da kor huɗu, wato sassan lissafi masu aiki kowanne da kansa, da layukan aiki takwas, kuma gudunsu a takarda ba shi da nisa, taka tana kaiwa gigahaz 3.9, waccan kuma 4.3. Duk da haka, a fagen wasa ƙaramar i3 ɗin tana yi wa taka fintinkau, kuma tana yin hakan ne da ƙarancin wuta, domin an ƙiyasta mata wat 58, taka kuwa 84.

Dalilin bai tsaya ga gigahaz ba. Gigahaz yana ƙirga yawan bugun da furosesa ke yi a sakan ɗaya ne kawai, bai faɗi yawan aikin da take kammalawa a kowane bugu ba, kuma nan ne aka samu babban ci gaba a cikin waɗannan shekaru tara. Sabuwar ƙira ta fi iya hasashen umarnin da zai biyo baya, ta fi iya gudanar da umarni da yawa a lokaci guda, sannan tana da ma'ajiyar kusa mafi girma, wato ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin furosesar kanta, inda take ajiye bayanan da take yawan buƙata don kada ta riƙa jiran RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Taka tana da megabait 8, i3 ɗin tana da 12, Ryzen 5 5600 kuwa tana da 32. Ga kuma RAM ɗin kansa: kwamfutarka DDR3 take ɗauka, wanda galibi yake gudu a 1600, alhali sababbin alluna, wato babban faifan da ake dasa furosesa da sauran kayan kwamfuta a kai, suna ɗaukar DDR4 mai 3200 ko DDR5 da ya zarce haka.

Yadda aikin ke tafiya a cikin wasa ya yi kama da shagon tela mai mutum biyu, ɗaya yana auna yadi yana yankawa, ɗaya yana kan keke yana ɗinki. Furosesa ce mai yanka: ita ke lissafin inda kowace mota take, abin da kowane mutum a cikin wasan zai yi, inda harsashi ko ƙwallo za su faɗa, sannan ta miƙa wa katin hoto ya zana. Idan mai yanka yana jan jiki, ko ka sayo wa mai ɗinki keken da ya fi kowanne gudu, zama zai riƙa yi yana jira. Domin wasa ya tafi sumul da hotuna 60 a sakan, dole a kammala kowane hoto cikin kashi ɗaya bisa sittin na sakan, kuma idan furosesa ta makara a hoto ɗaya cikin ɗari, idonka zai ga wannan cijewar ko da matsakaicin lissafi yana nuna 60. Abin da ka bayyana, cewa wasan yana tsaitsayawa a wuri mai cunkoso, alama ce ta furosesa ko ƙarancin RAM fiye da ta katin hoto, domin yawan mutane da motoci nauyin lissafi ne kafin ya zama nauyin zane.

Akwai tarihin da ya sa irin furosesarka ta daɗe tana cin zamaninta, kuma shi ne ya sa har yanzu wasu ke rantsuwa da ita. Yawancin manyan wasanni ana tsara su ne da la'akari da na'urorin wasa na gida. PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda suka fito a 2013, suna ɗauke da furosesa mai rauni ƙwarai, irin wadda AMD ta tsara don ƙananan na'urori masu tsimin wuta, saboda haka duk wasan da aka yi don su bai wahalar da Core i5 ko i7 na wancan lokacin ba. A ɓangaren Intel ma, daga Core i7-2600K ta 2011 har zuwa i7-7700K ta farkon 2017, kor huɗu ne iyakar abin da talakan mai saye ke samu, don haka masu tsara wasanni ba su da dalilin neman fiye da haka. Abubuwa sun juya a 2017, lokacin da AMD ta fito da Ryzen mai kor shida da takwas a farashin da mutane za su iya, Intel kuma ta mayar da martani a ƙarshen shekarar da zubi na takwas mai kor shida. Da PlayStation 5 da Xbox Series X suka zo a Nuwamban 2020 da furosesa mai kor takwas ta ƙirar Zen 2, sai ma'aunin ya ɗaga gaba ɗaya. Kana iya ganin wannan a takardun buƙatun wasannin kansu. GTA V da ya zo kwamfuta a 2015 ya ba da shawarar Core i5-3470, wadda taka ta fi, shi ya sa kake buga shi cikin kwanciyar hankali. Cyberpunk 2077 kuwa, bayan babban sabuntawar da aka yi masa a 2023, ya mayar da mafi ƙarancin abin da yake nema Core i7-6700 ko Ryzen 5 1600, tare da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi gwaji biyu da ba sa cin kuɗi. Na farko, ka saka manhajar MSI Afterburner, wadda kyauta ce, ka sa ta nuna maka a kan allon kallo yawan aikin da katin hoto ke yi yayin wasa. Idan katin yana tsaye a kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari, to shi ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa yana faɗowa 60 ko 70 daidai lokacin da wasan ke cijewa, to jiran furosesa yake yi. Kada ka jira sai ka ga furosesar ta cika kashi 100 kafin ka tuhume ta, domin wasa yakan ɗora babban nauyinsa a kan kor ɗaya ko biyu, sauran suna hutawa, sai jimillar ta nuna kamar akwai sauran ƙarfi. Na biyu, ka sauke girman hoto daga 1080 zuwa 720. Idan yawan hotuna a sakan ya ƙaru sosai, katin ne ke riƙe ka, idan kuma bai motsa ba, furosesa ce.

Ina kyautata zaton za ka tarar duka biyun suna da hannu, domin GTX 1050 Ti ma kati ne na 2016 mai gigabait 4. Wannan na nufin idan ka canza furosesa kaɗai, cijewar za ta ragu amma kyan hoto ba zai ƙaru ba. Duk da haka ban ba ka shawarar fara da RTX 3060 ba, saboda dalilin da mai ba ka shawarar bai duba ba. Katin da kake da shi wat 75 yake ci, kuma daga jikin allo yake shan wutarsa, shi ya sa ya zauna lafiya a kwamfutar ofis. RTX 3060 yana cin kimanin wat 170 kuma yana buƙatar wayar wuta ta daban, alhali na'urar rarraba wutar yawancin waɗannan kwamfutocin ofis ba ta kai wat 300 ba, ba ta da wannan wayar, kuma mahaɗarta da allo ta kamfanin ce ta musamman, ba irin ta kasuwa ba. Za ka ƙare da sayen na'urar wuta da mahaɗi, watakila da sabon akwati, duk don ka ɗora babban kati a kan furosesar da ba za ta iya ciyar da shi ba.

Idan kuɗin kaɗan ne, ka ƙara RAM ya zama gigabait 16, sanda biyu masu girma ɗaya domin su yi aiki ta hanya biyu, ka saka SSD idan babu, ka tsaya nan. Kada ka ƙara zuba wa wannan kwamfutar komai. Idan kuɗin ya kai, ka haɗa sabon tushe da Ryzen 5 5600 a kan allon B450 ko B550, ko Core i5-12400F a kan allo mai ɗaukar DDR4, da na'urar wuta mai inganci, ka ci gaba da amfani da tsohon katinka har ka tara na sabo. Harafin F da ke ƙarshen sunan na Intel yana nufin ba ta da sashen hoto a cikinta, haka ita ma 5600 ɗin, don haka kada ka sayar da katin kafin wani ya zo.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da gidan gem a Mile 12, ina so in ƙara kwamfutoci goma. An nuna mini haɗin allo da furosesa Xeon E5-2680 v4 da RAM a farashi mai sauƙi, an ce kor goma sha huɗu gare ta, ta ninka Ryzen mai shida. Shin in saya?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba ƙarya aka yi maka a kan adadin ba, kor goma sha huɗu ne da gaske, sai dai an ƙera wannan furosesa ne a 2016 don manyan kwamfutocin kamfanoni masu hidimar mutane da yawa a lokaci guda, aikin da ke son yawan hannuwa fiye da saurin hannu ɗaya. Gudunta na asali gigahaz 2.4 ne, iyakarta 3.3, kuma ƙirarta ta zamanin zubi na biyar ce. Wasa kuwa, kamar yadda na bayyana wa ɗan'uwanmu na Agege, yana da babban layin aiki guda wanda komai ke jira, kuma da wuya ya amfana da abin da ya wuce kor shida zuwa takwas. Saboda haka ragowar kor ɗin za su zauna ne suna shan wuta, Ryzen mai shida kuma ta wuce ta a yawancin wasanni. Ba na cewa ba ta da amfani. Ga mai haɗa bidiyo da kuɗinsa ya gaza, tana iya zama ciniki mai kyau, kuma tana buga wasanni da dama daidai gwargwado.

Amma kai kasuwanci kake yi, kuma abubuwa biyu ne za su fi damunka. Na farko wuta. An ƙiyasta wa wannan Xeon wat 120, Ryzen 5 5600 kuwa 65. Wannan ƙiyasi ba shi ne ainihin abin da mita za ta ƙirga ba, amma mu ɗauka, don misali, bambancin wat 50 ne a kowace kwamfuta. Kwamfuta goma na aiki awa goma a rana, ya zama yunit 5 kullum, yunit 150 a wata. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin Band A, waɗanda suka fi samun wuta, zuwa Naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi daga baya, a farashin wancan lokacin wannan bambanci kaɗai ya kai kimanin Naira 30,000 a wata ga wanda ke wannan rukuni, kuma idan da janareta ne lissafin ya fi haka muni. Duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, a ɗaki mai cike da matasa a yanayin Legas, wanda ke nufin ƙarin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki.

Na biyu shi ne allunan da ake haɗa waɗannan furosesoshi da su. Ba manyan kamfanonin da aka sani ne ke yin yawancinsu ba, ingancinsu ya bambanta daga wannan zuwa wancan, kuma furosesar ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Wannan ya fara shafar wasa kai tsaye, domin manhajojin hana maguɗi na wasu wasannin intanet suna neman matakan tsaron da ake kira TPM 2.0 da Secure Boot. Valorant yana neman su a kan Windows 11, Battlefield 6 na 2025 ma ba ya buɗewa sai da Secure Boot. Idan abokan cinikinka ƙwallo suka fi bugawa, ni a ganina PlayStation ta fi maka sauƙin kulawa. Idan kuma wasannin harbi na intanet suke so, gara kwamfuta shida masu sabon tushe da goma irin waɗannan.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Idi-Araba. Ina da Ryzen 5 1600 a kan allon B350 da katin RX 6600. Ina jin ana yabon Ryzen 7 7800X3D, shin sai na kai can kafin in ga canji?

AMSA: A'a, ƙanena, kai ne ma mai sa'a a cikin masu tambayar yau. Mazaunin furosesa na AM4 da allonka ke da shi ya ɗauki zubi da yawa na Ryzen, kuma a 2022 AMD ta buɗe wa allunan jerin 300 damar ɗaukar Ryzen 5000 ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa. Ka duba shafin kamfanin da ya ƙera allonka ka tabbatar samfurinka yana cikin jerin, ka sabunta BIOS ɗin tun tsohuwar furosesar tana kai, kuma ka yi hakan a kan UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya kashe allon. Bayan haka Ryzen 5 5600 za ta zauna daram, da RAM ɗinka da komai, kuma tazarar da ke tsakaninta da 1600 ta 2017 a wasa babba ce.

Ita 7800X3D ta 2023 ta cancanci yabon, sirrinta kuwa ma'ajiyar kusa ce mai megabait 96, wadda 64 daga ciki aka ɗora a kan furosesar. Sai dai tana buƙatar allon AM5 da DDR5, wato sabuwar kwamfuta ke nan, kuma fifikonta yana bayyana ne ga mai babban kati da allon kallo mai nuna hotuna 144 ko fiye a sakan. Da RX 6600, katin zai kai iyakarsa tun kafin ta nuna abin da ta iya.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce a Obalende, ina so in saya wa ɗana kwamfutar tebur ta tokumbo don karatu da ɗan wasa a ƙarshen mako. An nuna mini mai Core i7-6700 da mai Core i5-8500, mai shagon ya ce ta farkon ta fi. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba?

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya raya shi. Ki ɗauki ta biyun. Core i5-8500 ta zubi na takwas ce, kor shida gare ta, waccan kuwa ta zubi na shida ce ta 2015 mai kor huɗu. Bayan batun wasa, akwai dalilin da ya fi nauyi ga kwamfutar karatu: kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana farawa ne daga zubi na takwas na Intel. Ana iya tilasta ta a kan tsofaffi ta wasu dabaru, kuma masu shago da yawa suna yin hakan, don haka ganin Windows 11 a kan allon kallo ba hujja ba ce cewa kwamfutar ta cancanta.

Ko a Computer Village za ki saya ko a kasuwar Alaba, ki tafi da wanda ya ɗan san kwamfuta, kuma kada ku dogara da takardar da aka manna a jikin akwati. A kunna ta a gabanku, a buɗe manhajar CPU-Z ko shafin bayanan Windows, ku karanta cikakken sunan furosesar da lambarta da idonku. Ku tabbatar RAM ɗin sanda biyu ne, gigabait 16 idan da hali, kuma SSD ne a ciki. Ku zaɓi akwati mai tsayi maimakon siriri, domin siririn ba ya ɗaukar katin hoto sai gajere, kuma ba tare da kati ba sashen hoton da ke cikin furosesar ƙananan wasanni kawai zai iya. Irin GTX 1650 da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban ya ishi yaro mai wasan ƙarshen mako. A bar ta tana gudanar da wasa na kimanin minti ashirin kuna kallon zafinta, domin tsohuwar kwamfuta da man sanyayawarta ya bushe takan fara da kyau sannan ta rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi. Idan zafin yana haura digiri 90, ku sa a buɗe ta a share ƙura a sake shafa man kafin ku biya, sannan a rubuta muku lambar furosesar da kwanakin garanti a kan rasit.